Yadda ake gane gamba, a dasa ta, a kuma raya ta

Wata bazara da ruwa ya yi jinkiri ce ta sa na fara kula da gamba. Duk inda ka duba a filin ƙasa ce tsirara. Kyasuwa da ƙarangiya sun bushe tun kaka, abin da dabbobi suka rage iska ta kwashe. Amma a bakin wani ɗan kwari akwai tushiyoyi bakwai ko takwas, baƙi ƙirin da tabon wuta, kuma daga tsakiyar kowace ga koren ganye ya leƙo kamar tsawon yatsa, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Na durƙusa na tona gefen guda da wuƙa. Na yi ta bin saiwar har hannuna ya nutse zuwa gwiwar hannu, ban kai ƙarshenta ba. Daga ranar nan na daina yi wa gamba kallon ciyawa kawai, kuma yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina dasa ta a wannan filin.

Abin da na gani a bakin kwarin shi ne bambancin ciyawa mai shekara ɗaya da mai daɗewa. Kyasuwa takan tsiro da ruwan farko, ta yi iri, ta mutu gaba ɗaya, sai irin da ta zubar ya tashi baɗi. Gamba kuwa karanta da ganyenta ne ke bushewa, tushiyar tana nan da rai a ƙasa, shekara bayan shekara. Duk abin da zan faɗa a nan, dashe ne ko yanka ko kiwo ko wuta, a kan kare wannan tushiya yake.

Gane ta tukuna

Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, sunan da wani Bajamushe mai suna Kunth ya ba ta a 1833. A bakin manoma da makiyayan ƙasashe da yawa kuwa sunanta na Hausa ne ya bi ta, har a Turanci gamba ake ce mata.

Ba ta shimfiɗa a ƙasa kamar kiri-kiri. A dunƙule take fitowa, tushiya guda da karare masu yawa a tsaye, kuma tsohuwar tushiya faɗinta yakan haura rabin mita. In ta samu wuri mai kyau kuma ba a taɓa ta ba, tsayinta yakan kai mita 3 zuwa 4, mutum a kan doki ma sai ta ɓoye shi. Ka ja ganye guda ka duba: dogo ne, wani har ya kusa mita, da farar jijiya ƙarara a tsakiyarsa. Ka bi ganyen zuwa inda ya haɗu da kara, za ka ga ya tsuke har kusan jijiyar kaɗai ta rage. Wannan tsukewar ita ce alamar da na fi dogara da ita tun kafin ciyawar ta fid da kai. Ganyen sabon toho yawanci yana da laushin gashi, har ya yi wani fari-fari idan raɓa ta kwanta a kansa da asuba.

Idan ta fid da kai babu sauran shakka. Kowane ƙaramin reshe yana ƙarewa da zangarniya biyu da suka rabu kamar yatsu biyu a buɗe, masu farin gashi kamar auduga, kuma kowace ƙwaya mai kyau tana da siririyar wutsiya a murɗe, mai lanƙwasa a tsakiya.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce tsaure, don ita ma doguwa ce mai tushiya. Murza ganyen a hannu ka sunsuna. Tsaure tana da ƙamshi mai ƙarfi, gamba kuwa warin ɗanyar ciyawa kawai za ka ji. Tofa kuma ba ta yin dunƙule, ta ƙarƙashin ƙasa take bi tana ɓullowa nan da can, kuma gefen ganyenta yanka yake yi.

Inda take zama

Gamba 'yar dajin Afirka ce, na tsakanin hamada da kurmi. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da Habasha, ta gangara kudu zuwa Mozambik da Namibiya da arewacin Afirka ta Kudu. Ta fi jin daɗin inda ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 zuwa 1,500, kuma tana jure rani mai tsawon wata tara. Daji ne mai bishiyoyi jefi-jefi, kaɗanya da ɗorawa da marke da taura, inda rana ke isa ƙasa. Tana ɗaukar 'yar inuwa, amma a ƙarƙashin duhuwa ba ta yin komai.

Sirrin jimirinta a saiwa yake, kuma saiwar kala uku ce. Akwai sirara masu yawa da ke bazuwa a saman ƙasa, su ne ke cafke ɗan yayyafin da bai ratsa ba. Akwai masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe tushiyar kuma suke ajiye abinci don rani. Sannan akwai masu nutsawa tsaye, har mita 3 a ƙasa mai zurfi, su ne ke lalubo damshin da ya rage bayan sama ta bushe. Koren tohon da na gani a bazarar nan, na biyun ne suka ciyar da shi, na ukun suka shayar da shi.

Ba ta da tsirfa a kan ƙasa. Jigawa, jar ƙasa, ƙasa mai tsakuwa, ƙasar da ta gaji har hatsi ya ƙi ta, duk tana kamawa. Abin da ba ta so shi ne yumɓu mai nauyi da ruwa ke kwana a kansa, da ƙasa mai gishiri. Sai dai a nan akwai abin lura, don masana sun kasa ta gida huɗu, kuma kowane gida da mazauninsa. Ɗaya na fadama ne da bakin kogi inda ruwa ke malala na ɗan lokaci. Ɗaya na gefen hamada ne, gajere. Sauran biyun na tudu ne inda ruwa ba ya tsayawa. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ciro gambar fadama ka kai tudu, ko ta tudu ka kai fadama. Ka nemi tushiya ko iri daga wurin da ƙasarsa da ruwansa suka yi kama da naka, kuma mafi kusa shi ya fi.

A da, gonar da aka bari saura ita ke nuna hutunta da kanta. Shekarun farko ciyayi masu shekara ɗaya ne ke cika ta, bayan wasu shekaru sai gamba ta fara shigowa, kuma idan ta mamaye an san ƙasar ta farfaɗo, domin saiwarta da ke ruɓewa kowace shekara taki ce. Yanzu saura ta yi ƙaranci. Farin 1973 da na 1984 sun kashe tushiyoyi masu yawa a yankin Sahel, kuma a wurare da dama ba ta dawo ba, saboda kiwo bai ba ta sarari ba kuma babu uwar da za ta zubar da iri a kusa. Wannan ne ya sa dole wani ya ɗauko ta da hannu.

Dashe ya fi shuka sauƙi

In dai kana da inda za ka samu tushiya, fara da dashe. Ka bari damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe aƙalla tsawon tafin hannu, ba ruwan farko da kan yaudari mutum ba. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma gari ya wayi da lumshi, ita ce ranarka.

Je wurin babbar tushiya da magirbi ko gatari, ka sare gefe guda da saiwarsa da ƙasarsa. Kada ka tumɓuke ta duka. Ni ba na ɗibar fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma ina mayar da ƙasa a ramin in taka. Tushiyar daji ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma wadda aka ɗiba da hankali kafin kaka ta cike gurbin. Abin da ka ciro ka tsattsaga shi da hannu, kowane yanki da kara uku zuwa biyar da saiwa a jiki. Ka datse ganyen ya rage kamar taƙi guda, don dogon ganye yana zuƙe ruwan da saiwar da aka yanke ba za ta iya mayarwa ba. Ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar. Wanda ya kwana biyu a rana, rabinsa ba ya tashi.

Zurfin ramin daidai inda ƙasa ta tsaya masa a da. Ka danne da dunduniya sosai har in ka ja ganyen da yatsu biyu bai motsa ba. Idan fili kake son cikawa, ka bar taku guda tsakanin kowace da kowace. Idan zaizayar ƙasa kake son tarewa, ka jera su kusa da kusa, kamar taƙi guda, a layin da ya gitta gangaren, ba wanda ya bi shi ba. Cikin damina biyu tushiyoyin za su haɗe su zama katanga, ruwa ya riƙa wucewa a hankali yana barin ƙasar da ya ɗauko. A layina na farko, bayan shekara huɗu ƙasar da ta taru ta bayan layin ta fi ta gabansa tudu da kusan taƙi. A Burkina Faso manoma da yawa suna dasa ta a jikin jerin duwatsun da suke tare ruwa da su, don wannan dalilin.

Idan fako ne, wanda ruwa ke zamewa a kansa kamar faranti, kada ka dasa haka kawai. Ka haƙa ramin rabin wata da bakinsa ke fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ka zuba ɗan taki, ka dasa a cikin gefen kunyar.

In iri za ka yi amfani da shi

A nan na sha wuya, don haka zan daɗe a kai. Gamba tana fid da kai ne idan yini ya fara gajarta, wajen watan Oktoba a arewacin duniya, irin kuma ya nuna a Nuwamba. Ba ya nuna lokaci guda, kuma da ya nuna iska ke ɗauke shi. Ka riƙa zagayawa. Ranar da ka kaɗa kai da hannu ka ga 'yan ƙwayoyi sun maƙale a tafinka, lokaci ya yi. Yanke kawunan da lauje da safe kafin raɓa ta bushe, ka jibge su a inuwa a kan tabarma ko buhu, kwana uku zuwa huɗu. Ɗumin da jibgin ke yi yana sa ƙwayar ta saki. Sannan ka kakkaɓe, ka baza abin da ya zubo ya bushe sarai. Ka rufe hanci da wuya, ƙaiƙayinsa ba wasa ba ne.

Abin da za ka samu tulin gashi ne marar nauyi, kuma yawancinsa fanko ne. A kan zangarniya ƙwayoyin bibbiyu suke, ɗaya zaune ɗaya a kan ɗan sanda, kuma ta zaunen mai wutsiya ita kaɗai ke ɗaukar iri. Ko ita ma ba kowace ke cika ba. Ɗauki kaɗan ka danna da farce: mai ciki za ka ji tauri, fanko kuwa lotsawa take. Wannan ne ya sa buhu guda ba ya zuwa ko'ina.

Sabon iri barci yake yi, ba ya tsirowa sai ya yi wasu watanni. Wanda aka tara a kaka yana daidai da shukar damina mai zuwa. Ajiye shi a buhun da iska ke ratsawa, a rataye, nesa da damshi da ɓera. Kada ka ajiye ya wuce damina guda, wanda na taɓa bari ya shekara biyu kusan duk ya mutu. Mako uku kafin shuka ka ƙirga ƙwaya 100 ka zuba a tukunyar yashi, ka riƙa yayyafa ruwa, ka ga nawa za su fito. In goma suka fito ka san yadda za ka yawaita hannu.

Kuskurena na shekarar farko shi ne na shuka shi kamar dawa, na sara rami na rufe da ƙasa mai yawa. Ko ɗaya bai fito ba. Ƙwayar ƙarama ce, ba ta da ƙarfin huda ƙasa mai zurfi. Santimita 1 zuwa 2 ya isa, wato a ja layi da tsinke, a zuba, a shafa ƙasa kaɗan, a bi da ƙafa a danne. Ka cuɗa irin da yashi mai ɗan damshi kafin ka zuba, in ba haka ba yana cukurkuɗewa a hannu ko iska ta kwashe shi. Kada kuma ka watsa a sarari ka tafi, tururuwa za su yi jerin gwano da shi zuwa raminsu kafin la'asar.

Ka shuka a layi, ba don kyau ba. Jaririyar gamba siririya ce, kuma a makonni shida na farko ƙasa take ginawa, sama ba ta nuna komai. Kyasuwa da sauran ciyayi za su tsere mata su rufe ta. Idan a layi take ka san inda za ka sa fartanya, in a warwatse take da ita za ka nome. Noma biyu yakan isa.

Yanka da kiwo

Shekarar farko kada baki ya taɓa ta, ko na akuya. Saiwar ba ta kama ba, saniya na fizga za ta tumɓuke ta. In ba shinge, ka jibga ƙaya. Ka bar ta ta yi kai ta zubar da iri, shi zai cike maka guraben da suka mutu.

Daga shekara ta biyu sai ka yanke shawarar abin da kake so da ita, don ganye da kara ba sa samuwa tare. Idan abincin dabba kake so, ka yanka ko ka sa dabbobi tun tana tsakanin gwiwa da cinya, kafin ta yi ciki. Ɗanyen ganye a wannan lokaci yana da sinadarin gina jiki kamar kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Idan ta yi kara ta bushe yakan faɗi ƙasa da kashi 3, abin da ba ya riƙe saniya, sai dai ta cika ciki tana ramewa. Ingiricin kirki ma daga wannan ɗanyen ake yinsa, a shanya kwana biyu ko uku a ɗaure tun da sauran kore a jikinsa. Idan kuwa karan zana ko jinka kake so, ka ware wani ɓangare ka ƙyale shi har irin ya zube, sannan ka yanka.

Ko wanne ka zaɓa, kada laujenka ya sauka ƙasa da taƙi guda daga tushiya, kuma bayan kowane yanka ka ba ta hutun mako biyar ko shida. Abin da ya fi kashe gamba ba fari ba ne kuma ba wuta ba ce, dabbar da ke komawa kan toho ɗaya kullum ce. Duk tohon da ta fitar daga ajiyar saiwa take ciro shi, in an cinye ta sake cirowa, har ajiyar ta ƙare. Lokuta biyu ne suka fi haɗari: farkon damina, sa'ad da ita kaɗai ce kore a daji kuma kowace dabba ita take nema, da ƙarshen damina, sa'ad da take mayar da abinci cikin saiwa. Ni ina ɗauke mata hannu gaba ɗaya a makonni shida na ƙarshen ruwa.

Wuta

Gamba ta saba da wuta, tare suka tashi a wannan daji. Wuta na cin busasshen kara, tushiyar ta sake toho. Amma wutar farkon rani daban, ta ƙarshensa daban. Ta farko, sa'ad da ciyawa ke da sauran damshi, a hankali take tafiya tana tsallake wurare. Ta watan Maris, a kan gambar da ba a yanka ba kuma ba a yi kiwo ba, harshenta yakan kai kan bishiya.

Na taɓa yin sakaci da wannan. Wata shekara na bar ɓangare guda ban yanka ba, ban kuma share gefensa ba. Wuta ta shigo da rana tsaka da iska a bayanta. Gambar ta dawo kore shar cikin mako uku, amma 'yan ɗorawa tara da na shekara huɗu ina reno, biyu ne suka rayu. Har yanzu idan na wuce wurin sai na ji abin a raina. Tun daga nan nake share faɗin taku biyar kewaye da filin da zarar ruwa ya ɗauke, ina kuma yanke ciyawar da ke gindin kowace ƙaramar bishiya. In dole sai an ƙona, da yamma lis ko da sassafe, babu iska, kuma ba kowace shekara ba. Ka tuna fakara da zabin daji a cikin irin wannan duhun suke fakewa, ka bar musu wani gefe.

Kada ka kai ta inda ba gidanta ba

Irin da aka ɗauka daga tashar bincike ta Shika kusa da Zariya aka kai Kolombiya a 1973 shi ne ya zama abin da aka raba wa makiyaya a can a 1980 da sunan Carimagua 1, a Brazil kuma da sunan Planaltina, saboda tana yi a ƙasa mai tsami da sauran ciyayi suka ƙi. A Ostireliya kuwa labarin ya sha bamban. An shigar da ita a shekarun 1930 don kiwo, ta tsallake shinge ta bazu a dajin arewacin ƙasar, wajen Darwin, inda ciyayin asali gajeru ne kuma babu mai yanke ta. Binciken da aka yi a can ya nuna wutarta takan ninka ta ciyawar asali zafi har sau takwas, tana kashe manyan bishiyoyi. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Don haka idan ba a Afirka kake zaune ba, wannan bayani na dashe ba naka ba ne, ka nemi ciyawar asalin wurinka mai daɗewa ka yi mata irin wannan hidima.

Tsohuwar tushiya

Bayan shekara shida ko bakwai za ka ga wasu tushiyoyin sun mutu a tsakiya, sun zama kamar zobe, kore a gefe, ruɓaɓɓen kara a ciki. Ba cuta ba ce, girma ne, sabbin 'ya'ya ta waje suke fitowa. Waɗannan su ne nake ɗiba yanzu idan zan yi sabon layi, na daina zuwa daji. Tun da rani nake bi ina kafa musu tsinke don in gane su idan ganye ya rufe. Idan ruwa ya zauna sai in sare rabin zoben, in tsattsaga, in kwashe ruɓaɓɓen tsakiyar in zuba a ramin dashen. Ka sa hannu a hankali, kunama tana son wannan wurin.